YouGlish: inda za ka ji sautukan Turanci suna nashe juna

Ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata, kuma a duk abin da aikin ya ƙunsa, koyar da sauraro shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yarinya za ta karanta shafi guda ba gargada, ta amsa tambayoyin da ke ƙasansa daidai, amma da an kunna mata Bature yana faɗin jimlolin nan da bakinsa sai ta ce ba ta tsinci komai ba, wai haɗiye magana yake yi. Kuma tana da gaskiya. Yakan haɗiye wani sautin, ya sauya wani saboda maƙwabcinsa, ya manne ƙarshen kalma da farkon mai bi mata. Sai dai abin ba kara zube yake ba, yana da tsari, kuma duk wanda ya gane tsarin kunnensa zai buɗe. A cikin kayan aikin da na gwada don nuna wa ɗalibai wannan tsari, babu wanda ya yi mini rana kamar wani shafin intanet mai suna YouGlish.

Aikinsa guda ɗaya ne. Ka buɗe shi a waya ko kwamfuta, ba sai ka biya komai ba kafin ka fara, za ka ga gurbin rubutu a sama. Ka rubuta kalma ko guntun jimla, sai ya zaƙulo maka bidiyoyin YouTube da aka furta abin da ka rubuta a cikinsu, ya kai ka daidai wurin da za a faɗe shi, ba sai ka zauna kallo tun daga farko ba. A ƙarƙashin hoton akwai rubutun abin da ake faɗa, kalmarka an shafa mata launi. Akwai maɓallin maimaitawa, da na tsallakawa zuwa mai magana na gaba, da na rage saurin maganar. Kana iya zaɓar karin harshen da kake son ji, na Amurka ko na Birtaniya ko na Ostareliya. Idan kalmar ta yau da kullum ce, masu faɗinta sukan kai dubbai: malamin jami'a, likita, ɗan jarida, ɗan siyasa, mace da namiji, tsoho da matashi.

Ƙamus na waya ma yana furta kalma, amma ita kaɗai yake furtawa, a tsanake, babu komai gabanta babu komai bayanta. Mutane kuwa ba haka suke magana ba. Don haka mai son cin moriyar shafin nan kada ya rubuta kalma ɗaya. Ya rubuta biyu ko uku a jere, domin a mahaɗarsu ne abin yake faruwa.

Wanda na fi son farawa da shi a aji shi ne "ten people". Nakan rubuta a allo, su karanta, kowacce ta fito da n ɗinta sarai. Sai in kunna, in ce kada su damu da sauraro tukuna, su zuba wa leɓɓan mai maganar ido. A nan bidiyo ya fi murya zalla nesa ba kusa ba. Tun kafin ya gama "ten" leɓɓansa sun riga sun haɗe, suna shirin p ɗin da ke tafe, n kuwa idan aka furta ta da leɓɓa a rufe ai ta zama m. Abin da ke fitowa shi ne "tem pipul". A wani aji wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai wannan iƙlabi ne." Na ce ta fito ta yi wa 'yan'uwanta bayani, ta kuwa yi shi tiryan-tiryan: nun mai ɗauri ko tanwini idan harafin "ba" ya biyo su, ana juya su su koma mim, shi ya sa ake rubuta "min ba'di" a karanta "mim ba'di". Yaran da suka yi shekaru suna koyon izhari da idgami da iƙlabi da ikhfa'i a Islamiyya sun riga sun san cewa harafi yana canzawa saboda wanda ke biye da shi. Abin da ba a taɓa gaya musu ba shi ne bakin Bature ma haka yake yi.

Ko ba a je ga tajwidi ba, Hausarmu cike take da wannan, masana tsarin sauti suna ce masa naso. Muna rubuta "gidan Bala" mu ce "gidam Bala". Muna rubuta "an ba shi" mu ce "am ba shi". A cikin "ɗan kunne" n ɗin ba a tsinin harshe take ba, ta koma can baya inda ake yin k. Bakano zai rubuta "rigar Sani" ya furta "rigas Sani". To ka rubuta "Green Park" a shafin, sunan wani lambu da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, za ka ji da yawa suna cewa "Griim Paak". Ka rubuta "good boy", d ɗin ta karkata ta zama b. Ka rubuta "good girl", ta zama g. A "that man" t ɗin takan koma p da ba a saki iskarta ba. Sautuka uku ne suka fi saurin miƙa wuya, t da d da n, waɗanda ake furtawa da tsinin harshe a hanƙa, bayan haƙoran sama. Su k da p ba su cika barin mazauninsu ba. Nemi "black pen" ka ji, k ɗin tana nan inda take.

Wani nason ya daɗe har ya shiga rubutu. Ɗafa-goshin korewa "in" da ke cikin "incorrect" shi ne ya zama "im" a "impossible", ya zama "il" a "illegal", ya zama "ir" a "irregular", tun a Latin inda kalmomin suka samo asali. Ɗalibai suna haddace waɗannan ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da dangantaka, alhali abu guda ne, irin wanda ya sa lam ɗin "al" take ɓacewa a sunayenmu Abdurrahman da Abdussalam.

Abin da ya sa na fifita shafin a kan bayanin littafi shi ne, idan ka yi ta danna na gaba, za ka ji ba kowa ne yake yi ba, kuma mai yi ɗin ma ba kullum yake yi ba. Wanda ke jaddada adadi, yana son a ji goma ne ba tara ba, zai fito da n ɗin "ten" tsaf, ya ɗan dakata, sannan ya ci gaba. Wanda ke cikin zafin labari zai narkar da ita. A tajwidi iƙlabi hukunci ne, wanda ya bar shi ya yi kuskure. A Turanci yawancin naso tsakanin kalmomi ya danganta ne da saurin magana da irin wurin da ake yin ta. Littafi yakan kawo ƙa'idar a layi ɗaya sai ka ɗauka dole ce. Shafin yana jera maka bakuna daban-daban har ka gane da kanka lokacin da abin yake aukuwa.

Na biyu da ke saurin shiga kan ɗalibaina shi ne ganɗantawa, saboda nahawun Hausa ya riga ya share masa hanya. Me ya sa jam'in mota ya zama motoci, na buta butoci, na ƙasa ƙasashe, na kaza kaji, na gida gidaje? Saboda t da s da z da d idan wasalin i ko e ya biyo su, harshe yana ɗagawa zuwa ganɗa, su koma c da sh da j. Turanci yana yin haka idan sautin y ya biyo waɗannan baƙaƙen. "Did you" ya zama "diju", "would you" ya zama "wuju", "don't you" ya zama "doncu", "miss you" ya zama "mishu", "this year" ya zama "dhishiya". Shi ma ya daskare a cikin wasu kalmomin tun da daɗewa, shi ya sa ake jin c a "nature" da "picture", j a "soldier", sh a "sugar" da "pressure", ko da yake rubutun bai nuna ba. Idan kana son ganin amfanin maɓallin zaɓen karin harshe, rubuta "Tuesday". A ɓangaren Birtaniya za ka ji da yawa suna farawa da c, "Cuuzdei". A ɓangaren Amurka y ɗin ce ta faɗi gaba ɗaya, suna cewa "Tuuzdei".

Inda Bahaushe ya fi shan wahala, a ganina, shi ne shafewa, domin a nan mu da su hannun riga muka yi. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a manne, saboda haka idan muka aro kalma mai cunkoson baƙaƙe sai mu saƙala wasali a tsakani mu samu sauƙi. Haka muka samu burodi da birki da sukudireba. Shi ma Bature cunkoson yana yi masa nauyi, amma maimakon ya ƙara wasali sai ya zubar da baƙi, musamman t ko d idan suka faɗo tsakanin baƙaƙe biyu. "Next day" ya zama "neks dei", "last night" ya zama "laas nait", "must be" ya zama "mas bi", "old man" ya rasa d ɗinsa. A "handbag" abu biyu ne suka haɗu: d ta faɗi, sai n ta tsinci kanta kusa da b ta zama m, aka samu "hambag". Kunnen ɗalibata yana jiran "nekist dei" mai gaɓa uku, sai a miƙo mata gaɓa biyu. Kafin ta gama neman ta ukun an wuce ta da jimla guda. Wannan shi ne asalin kukan da ake yi cewa Turawa suna da saurin magana. Da na rage gudun bidiyon, suka ji ko a hankali t ɗin ba ta nan, sai suka daina nemanta.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci, wadda ɓangarenta na sauraro tambayoyi 40 ne kuma sau ɗaya ake kunna maganar. Wata rana ta ce mini, "Yaya, ni fa ban iya bambance 'can' da 'can't' idan suna magana, ga shi a aikinmu tsakanin mara lafiya zai iya da ba zai iya ba akwai rai." Muka zauna muka rubuta "I can go" da "I can't go" a shafin, muka yi ta saurare. Ita t take jira, t ɗin kuwa sau da yawa ba a jin ta idan baƙi ya biyo baya. Bambancin yana cikin wasali ne. "Can" na tabbatarwa yakan shaƙe a tsakiyar jimla, wasalinsa ya taƙaita har ka ji kamar "kn", nauyin maganar ya faɗa kan aikatau. "Can't" kuwa yana riƙe cikakken wasalinsa da ƙarfinsa, a bakin mutanen kudancin Ingila ma dogo ne, "kaant". Daga nan muka wuce zuwa "tell him" da "give her" da "ask him", inda h take faɗuwa a ji "telim", "giva", "aaskim". Waɗannan jimlolin ɗakin marasa lafiya ne, kuma ƙamus ba zai taɓa furta mata su haka ba.

Mannewar kalmomi ba ta buƙatar dogon bayani, ji ɗaya ya isa. "Pick it up" yakan fito "pi-ki-tap", "turn off" ya fito "taa-nof", baƙin ƙarshe ya tsallaka ya zama farkon kalma ta gaba. Mutumin Landan ba ya furta r a "four", amma a "four eggs" za ka ji ta dawo, har ma yakan cusa ta inda babu ita a rubuce, kamar a "law and order". Ba'amurke kuwa t ɗinsa tsakanin wasula biyu, a "water" da "better" da "get out", ɗan bugun harshe ne da kunnen Bahaushe zai ɗauka r ce.

Akwai wurin da shafin bai gamsar da ni ba, kuma wuri ne mai muhimmanci. A Turanci baƙin ƙarshe yana shafar tsawon wasalin da ya gabace shi. Wasalin "bag" ya fi na "back" tsawo, na "seed" ya fi na "seat", na "rise" ya fi na "rice", na "leave" ya fi na "leaf". Gaban baƙi mai ziza, wato wanda maƙogwaro ke rawa wajen furta shi kamar g da d, wasali yana miƙewa, gaban marar ziza yana datsewa, kuma sau da yawa da wannan tsawon ne mai sauraro yake gane kalmar, ba da baƙin kansa ba. Ya kamata wannan ya zo mana da sauƙi, mu da tsawon wasali kaɗai ke raba mana garin da ake zama a ciki da garin tuwo. Amma don a ji bambancin sai baki ɗaya ya furta kalmomin biyu a jere, shafin kuwa mutum daban yake kawo maka kowane lokaci, wannan mai sauri, wancan mai ja. A nan bakin malami ko ƙamus mai murya ya fi shi.

Haka kuma ba zai raba maka abin da yake zaɓi da abin da yake tilas ba, wannan aikin malami ne. "Tem pipul" zaɓi ne. Amma s ɗin jam'i da ke fita s a "cats", z a "dogs", iz a "buses", da ed ɗin shuɗaɗɗen lokaci da ke fita t a "walked", d a "played", id a "wanted", su ma maƙwabcin sauti ne ya juya su, kuma ba su da alaƙa da sauri. Su ne irin abin da ake tambaya a jarrabawar WAEC. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne a Najeriya ɓangaren furuci na wannan jarrabawa tambayoyi 60 ne na zaɓen amsa, ana amsa su ba tare da ɗalibi ya ji murya ko ya buɗe baki ba. Yarinya za ta iya haddace cewa "walked" da t yake ƙarewa, ta ci maki, ba ta taɓa jin an faɗe shi ba. Minti kaɗan a shafin nan yana cike wannan giɓi fiye da darasi guda na alli.

Sauran matsalolinsa na fili ne. Bidiyo ne, yana shan data, wanda ke lallaɓa 'yar datarsa zai ji a jikinsa, don haka gara a rage ingancin hoton matuƙar ana ganin leɓɓa. Akwai tallace-tallace a shafin. Wani lokaci rubutun da ke ƙasa yakan ɗan saɓa da muryar, ya riga ta ko ya makara. Kuma da yawan bidiyoyin laccoci ne da jawabai da hirarrakin da aka shirya, inda mutum yake kula da bakinsa. Maganar kasuwa ko ta tsohon da ke kwance a gadon asibiti ta fi wannan narkewa sosai, saboda haka wanda ya saba da shafin kada ya ɗauka ya gama. Ga 'yan'uwana malamai kuma, kada ku kunna wa aji abin da ba ku riga kun kalla ba. Kalmar kawai shafin yake nema, bai damu da batun da ake tattaunawa ba, kuma ba kowane batu ne ya dace da yara ba. Ni da dare nake tace abin da zan kunna, washegari in shiga aji da waya da 'yar sifika.

Shafin ba ya jin muryarka, ba ya gyara maka, ba ya ce maka ga dalilin da ya sa n ta zama m. Wanda bai san abin da zai saurara ba zai iya jin "handbag" daga bakuna da yawa ya tashi yana rantsuwa ya ji d, domin ido yana ganin rubutu a ƙasa yana yaudarar kunne. Shi ya sa nakan sa su rufe rubutun da hannu a jin farko.

Na so a ce akwai karin harshen Afirka ta Yamma a cikin zaɓin. Ina da dalili. Ban yarda a tilasta wa yaranmu su riƙa cewa "gonna" da "wanna" don a ce sun iya Turanci ba, kuma nakan ji takaici idan na ga yarinya tana murɗe baki tana kwaikwayon abin da ba ta gane ba. Mai karanta labarai a Abuja ko malamin jami'a a Akara yana ba kowace gaɓa haƙƙinta, ba ya shaƙe ƙananan kalmomi kamar mutumin Landan, kuma ana fahimtarsa a ko'ina. Abin da nake nema wa ɗalibaina shi ne su ji su gane idan an yi musu. Idan daga baya bakinsu ya ɗauki "diju" da kansa saboda yawan ji, madalla. Idan bai ɗauka ba, "did you" ɗinsu cikakken Turanci ne. Da a ce za su iya jin Banijeriye da Bature suna faɗin jimla guda ɗaya bayan ɗaya, da wannan darasin ya koyar da kansa.

Shafin yana da sassan wasu harsunan, har da Larabci da Faransanci. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da ke karatu da Faransanci za su iya rubuta "les amis" su ji s ɗin da ba a furtawa a "les" ta farfaɗo ta zama z saboda wasalin da ya biyo ta. A Turanci kuwa, na fi ba da shawararsa ga malamai, da masu shirin jarrabawar sauraro, da duk wanda ya iya karatu amma magana take kufce masa. Wanda bai riga ya tara kalmomi ba ya dakata tukuna, domin masu maganar ba don mai koyo suke yi ba, kuma jimlar da ke kewaye da kalmar da ya nema za ta fi ƙarfinsa.